Sif Ɗin da Ba Shi da Ƙusa

Sun riga sun kwance ƙofofin sif ɗin sun jingine a tsakar gida, sun zare durowoyinsa, amma gangar jikin ta ƙi fita. Sha'aibu ya kama ta gaba, Atiku direba ya tura ta baya. Suka karkata shi hagu, suka karkata shi dama, kafaɗarsa ta daki bangon ƙofa, ƙasa ta zubo musu a ka.

"Ajiye, ajiye!" in ji Atiku yana haki. "Wai ta ina aka shigo da wanga abu? Ta sama aka jeho shi?"

Barakatu tana tsaye a kusurwar ɗakin, 'yarta Mardiyya na barci a bayanta. Jiya ta fita takaba. Yau yayanta Sha'aibu ya zo da akori-kura daga Kaura Namoda domin ya kwashe ta da kayan ɗakinta, kamar yadda ake yi wa duk macen da mijinta ya rasu. Gado ya fita, katifa ta fita, kwanuka da buhunan tufafi duk suna cikin mota. Saura sif.

"Ba shigo da shi aka yi ba," ta ce. "A nan ya haɗa shi."

Mijinta Faruku kafinta ne. Lokacin aurensu, mahaifinta, wanda shi ma yanzu ba ya duniya, ya ce ba zai sayi sif a kasuwa ba alhali ango ne mai yin sif. Sai ya sayi falankan maɗaci masu kauri ya haɗa cikin kayan ɗakinta. Mata sun yi dariya ranar jere, suna cewa ga amarya da katako. Da rani ya shigo, Faruku ya goge falankan, ya yanka su, ya shigo da su ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da sif mai ƙofa uku wanda ya kusa taɓa azara. Bai auna ƙofar ɗakin ba. Ita ma da ke zaune tana miƙa masa kaya ba ta ce ya auna ba.

Sha'aibu ya share gumi da hularsa. Shi ɗan tireda ne a bakin tasha, kuma ya sha ganin yadda ake kwance tebur da benci idan za a tashi daga shago.

"To ai da sauƙi," ya ce. "A ƙwanƙwasa daga ciki, ƙusoshin su saki, mu fitar da shi falle-falle. Can gida a sake bugawa."

Ya ɗauko guduma daga mota, ya shiga cikin sif ɗin rabin jiki, ya ɗaga hannu ya daki falankin sama ta ƙasa. Falankin bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi. A bugu na gaba aka ji wani sauti kamar an karya rake, tsaga ta tashi daga gefen falankin ta tafi kusan tsawon kamu ɗaya.

Barakatu ta ga tsagar. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Ta dai gyara goyonta.

"Tsaya, ɗana. Ajiye gudumar nan."

Baba Malami ne a bakin ƙofa, dattijo mai furfura a gemu, fensir maƙale a kunnensa. A shagonsa na Kaura Faruku ya koyi aiki tun yana yaro. Ya biyo motar ne domin dangi sun roƙe shi ya tattara kayan aikin marigayi ya kai birni a sayar, a haɗa cikin gado. Tun safe yana rumfar waje yana jera zartuna da tef da injuna a buhu.

Ya shigo a hankali, ya bi gefen sif ɗin da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya leƙa ciki.

"Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikin abin nan," ya ce. "Kana neman kan ƙusa, ka ga ko ɗaya?"

"To da mi ya riƙe?" Atiku ya tambaya. "Da addu'a?"

"Da katako. Akan huda rami a wannan falanki, a huda ɗan'uwansa a wancan, a sa 'yar sanda kamar ɗan yatsa a tsakani, a shafa gam, a matse. Idan gam ya bushe sun zama jiki ɗaya. In ka doka, katakon ne zai fashe, haɗin ba zai saki ba." Ya taɓa tsagar da yatsa. "Ba laifinka ba ne, Sha'aibu. Kowa ƙusa ya sani."

Sha'aibu ya ajiye gudumar a ƙasa. Ya dubi ƙofar, ya dubi bangon.

"A fasa gefen ƙofar mana. Ƙasa ce, a sake yaɓawa."

"Da damina?" in ji Malami. "Itacen da ke kan ƙofar nan shi ya ɗauki azara. Ka taɓa shi, ruwan farko zai kwantar da ɗakin."

Atiku ya ciro wayarsa ya duba, ya mayar aljihu.

"Ni dai bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Motocin kasuwa za su tashi daga Zurmi da rakiyar jami'an tsaro bayan azahar. In suka tafi suka bar mu, wallahi ba ni hawa hanyar Kaura ni kaɗai. Ina da mata, ina da uwa, kuma motar ma ba tawa ba ce."

Babu wanda ya yi masa musu. A kan hanya irin wannan 'yan bindiga suka tare Faruku suka kashe shi, yana dawowa daga Moriki inda ya kai ƙofofin wani masallaci. Tun daga lokacin ƙauyen nasu, da ke bayan Gurbin Bore, yake ta raguwa. Gida uku a layinsu an ɗaure ƙofofinsu da waya.

"Dabara ɗaya ta rage," Malami ya ce, kuma Barakatu yake kallo. "In bi kowane haɗi da siririn zarto, in yanke sandunan da ke ciki. Falankan su rabu. Idan mun isa Kaura in huda sababbin ramuka da injinsa, in sake tayar da shi. Amma ki sani, 'yata, zarto yana cin rabonsa. Zai ɗan rage tsawo, zai ɗan rage faɗi. Kuma aikin da ya yi da hannunsa, wanda ke ciki, shi za a yanke. Abin da zai tsaya can aikina ne a jikin katakonsa."

"Zarto?"

Muryar ta fito daga tsakar gida. Tasalla ce, mahaifiyar Faruku. Tun da aka fara fitar da kaya take zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Yanzu ta taso, ta dafa bango ta shigo. Maza suka matsa mata.

"Malami, kai ka koya mishi aiki. Kai za ka sa zarto a aikinsa?"

"Gwaggo, ba ni na zaɓa ba. Tambaya aka yi, na faɗi abin da zai yiwu."

Tsohuwar ta juya ga surukarta. Ba ta ɗaga murya ba. Tun da Barakatu ta zo gidan ba su taɓa sa-in-sa ba, kuma a takabar nan Tasalla ce ke dama mata kunu, ita ke goya Mardiyya.

"Ɗiyata, na san naki ne. Ubanki ya sayi icce, babu mai gardama. Ko gaban alƙali aka je, naki ne. Amma dubi. Kayan aikinsa ga su can cikin buhu za su tafi. Jikata ga ta bayanki za ta tafi. Ke ma za ki tafi. Wanga abu shi kaɗai ya ƙi fita. Ki bar shi inda mai shi ya tsayar da shi. Ni zan riƙa share shi."

Sha'aibu ya sunkuyar da kai. Atiku ya fita waje ya tsaya yana kallon sama.

Barakatu ta dubi sif ɗin. Duk tsawon takabar a jikinsa take jingina bayanta idan ta idar da salla. Mata masu zuwa gaisuwa suna kuka, suna riƙe hannunta, ita tana jin sanyin katakon ta cikin mayafi, ba ta jin komai bayan wannan. Sun ce tana da tawakkali. Ita ta san ba tawakkali ba ne. Kamar dai an ce mata ta jira a wani wuri ne, aka manta ba a dawo an kira ta ba.

Babur ɗin Faruku ba a same shi ba. Rigunansa an raba wa 'yan'uwa. Injunansa za su koma hannun wani. Idan ta hau motar nan babu sif ɗin, babu wani abu a duniya da hannun Faruku ya taɓa wanda za ta ce nata ne. Ta san kuma yadda ake barin abu a ƙauyen nan: wata rana Misbahu, ƙanen Faruku, zai ɗauki tsohuwar a kan babur da kayan jikinta kawai, a ɗaure ƙofa da waya, gara da yoyon ruwa su gaji abin da ya rage.

"Inna," ta ce, "ki zo mu tafi tare. Sai ki riƙa ganinsa kullum."

"Kabarinsa fa? Shi ma zarto za ku sa mishi ku ɗauka?"

Mardiyya ta motsa a baya, ta sake lafewa.

Barakatu ta ji bakinta yana magana kamar na wata.

"Baba Malami, a yanka."

Tasalla ta ɗan tsaya. Sannan ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar wadda aka gaya wa farashin hatsi, ta dafa bango ta koma wurin wakenta.

Malami bai ɗauki zarto nan take ba. Ya zare fensir daga kunne, ya ɗauko ƙaramin ƙarfen awo, ya shiga bin kowane haɗi yana ja masa gajeren layi da ya ratsa falankai biyu, yana sa wa kowace kusurwa alamarta. Yana yi a natse kamar babu mota a waje.

"Baba, lokaci," in ji Sha'aibu.

"Na sani. Amma idan na raba su ban yi wannan ba, can ba za su gane juna ba. Layin nan shi inji zai bi, a wannan gefe da wancan. Ramin da ya kauce da ƙwayar gero, sif ya karkace har abada."

Ya gama, ya zaro siririn bakin zarto, ya naɗe ƙarshensa da tsumma, ya sa a layin haɗin sama. Sautin ya fara a hankali. Da ya isa sandar farko sai ya canza, ya yi kauri, sannan ya saki. Ya ci gaba kaɗan, ya sake cin karo da wata. Ya wuce ta, ga wata.

"Kai, yaron nan," Malami ya ce yana girgiza kai. "Inda mutum zai sa biyu ya sa shida. Jirgin ruwa yake haɗawa?"

Atiku ya yi dariya daga bakin ƙofa, ya kama bakinsa da ya tuna inda yake.

Da hannun dattijon ya gaji, Sha'aibu ya karɓa, Malami na riƙe masa bakin zarton kada ya kauce. Da shi ma ya gaji, Atiku ya tuɓe riga ya shigo yana mita, yana cewa shi direba aka ɗauko, ba ɗan ƙwadago ba, kuma duk wanda ya ba wa maigidansa labari bai yafe ba. Barakatu ta tallafe falankin tsakiya da hannu biyu domin kada ya faɗi idan sama ya rabu. Tana jin kowane jan zarto yana ratsa katakon ya shigo tafin hannunta. Jan garin maɗaci yana zuba a kan yatsun ƙafarta.

Falankin sama ya saki. Suka sauke shi. A bakinsa ga sandunan da aka yanke, zagaye-zagaye, bibbiyu a jere, fari a cikin ja. Ba ta taɓa ganinsu ba tun ranar da aka rufe su. Ta dube su, ta kau da kai, ta kama falanki na gaba.

Rana ta take tsaka lokacin da na ƙarshe ya fita ta ƙofar, a hannun mutum ɗaya, ba tare da ya taɓa bango ba. Aka shimfiɗa katifa a mota, aka jera falankan a kai, Malami ya sa buhu tsakanin kowane biyu. Inda sif ɗin ya tsaya, farar ƙasar bango tana nan sabuwa, ta fi ta sauran ɗakin haske.

Barakatu ta je ta durƙusa gaban Tasalla.

"Inna, za mu tafi. Ki yafe mini."

"Ba ki yi mini komi ba. Allah shi kai ku lafiya." Ta miƙa hannu ta shafa kan Mardiyya, ta ƙulla ɗan wake a leda ta tura mata. "In ta yi wayo ki kawo ta. In da garin."

Da motar ta juya, Barakatu ta hango ta ƙofar zaure tsohuwar tana jan tabarmarta zuwa ɗakin da aka kwashe.

Sun tarar da jerin motoci ya fara motsi a Zurmi, Atiku ya cusa hancin akori-kurar a bayan wata motar hatsi yana ta hamdala da ƙarfi. A tsaye suka yi salla gefen titi, a gurguje, kafin layin ya miƙe. Barakatu na gaba tsakanin ƙofa da yayanta, Malami na baya a kan kaya yana dafe da falankai. Gero ya yi tsawo a gonakin da aka samu aka shuka, wasu gonakin kuma ciyawa ce har bakin kwalta. A wata kwana Atiku ya rage rediyo, Sha'aibu ya fara motsa leɓe yana addu'a. Ba nan ne aka tare Faruku ba, amma an tare wasu. Ta duba. Kwalbati ne, da bishiyar aduwa, da takalmin roba ƙafa ɗaya. Abin da kunnenta ya riƙe shi ne falankan da ke bugun juna a baya duk lokacin da taya ta faɗa rami.

Sun shiga Kaura Namoda kafin la'asar. Gidan Sha'aibu na haya ne, ɗaki biyu da ɗan sito kusa da madafa. Matarsa Naja'atu ta kwashe buhunan da ke siton, ta share, ta yi masa farar ƙasa, ta rataya sabon labule. Ta fito da gudu ta rungume Barakatu tana kuka, ta kwance Mardiyya daga bayanta.

"Sannu, Anti Baraka, sannu. Kin ga ɗakin? Ƙarami ne, amma akwai taga. Ku ci abinci tukuna."

Malami ya ce a ajiye masa nasa. Gobe da safe mai sayen injunan zai zo shago, saboda haka yau ne kaɗai injin Faruku ke hannunsu. Babu wuta a unguwar. Aka sauke ƙaramin janareton marigayi, aka tarar babu mai. Atiku ya yi tsaki, ya ce shi dai yau ya ga ta kansa, ya ɗauko tiyo ya zuƙo daga tankin motar, ya tofar, ya cika gora.

"A rubuta a ladana," ya ce. "Kada a rubuta a na mai mota."

Malami ya fara da falankin da ya tsage. Ya buɗa tsagar da bakin wuƙa, ya ɗura mata gam, ya naɗe ta tam da robar taya, ya ajiye a inuwa. Sannan ya jera benci biyu a tsakar gida, ya buɗe akwatin injin.

Barakatu ta san injin nan. Faruku ya sayo shi na hannu a Gusau, ya zo da shi a ƙirji kamar jariri. Yana da baki biyu masu juyawa tare, da wani faffaɗan ƙarfe a gaba da ke kwanciya a kan katako, da ɗan layi a tsakiya wanda ake daidaitawa da layin fensir. Idan aka tura, sai ya huda rami biyu a lokaci guda, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayaninsa har tuwo ya huce. Sauran kafintoci suna yi masa dariya, suna cewa mai saye ba ya ganin abin da ke cikin katako, ƙusa ta fi sauri. Shi kuwa ya ce ƙusa tana tsatsa.

Janareto ya tashi. Malami ya ɗora injin a bakin falanki, ya daidaita layi da layi, ya danna. Kukan ya cika gidan, siriri, mai hawa sama idan baki ya shiga katako. Wannan kukan ne ke tashinta daga barcin rana a ƙauye, shi ke gaya mata ya dawo, shi ke gaya mata a ɗora ruwan wanka. Naja'atu ta dube ta da sauri, ta matso kusa, a shirye ta riƙe ta. Barakatu ta saurara har ƙarshe. Abin da ta lura da shi kawai shi ne Malami yana tura injin da kafaɗa, shi kuwa Faruku da ƙugu yake turawa.

Dattijon ya bi layukansa ɗaya bayan ɗaya. Kowane sabon rami yana faɗawa a gefen tsohuwar sandar da aka yanke, a wurin da katako ke da sauran ƙarfi. Ya huda a bakin falanki, ya juya abokin haɗinsa ya huda a fuska, yana hure garin da baki. Yaran makwabta suka taru a ƙofa, Sha'aibu ya kore su. A ƙasan akwatin akwai gwangwanin madara cike da sanduna waɗanda Faruku ya fere da kansa daga icen ƙirya, duk kauri ɗaya. Malami ya zuba su a faranti, ya gwada ɗaya a rami. Ta shiga da ɗan ƙarfi, ta tsaya daram.

Aka kashe janareto. Kunnuwa suka ɗan yi ƙara kafin shirun ya zauna. Suka shigar da falankan sito ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar siton ma ƙarama ce, sai da Sha'aibu ya sunkuya.

Malami ya durƙusa a tsakiyar ɗakin, ya jawo robar gam, ya buɗe murfin, ya ɗauki ɗan tsinken shafawa. Sai ya tsaya. Ya dubi ƙofar da suka shigo ta ciki, ya dubi Barakatu da ke tsaye a bakinta.

"'Yata, kafin in shafa. Idan na sa gam zai yi ƙarfi kamar da, ko kusa da haka. Amma katakon nan ba zai ɗauki zarto karo na biyu ba, babu sauran wurin rami. Idan ban sa ba, sandunan za su riƙe shi, sai dai zai riƙa ɗan motsi idan an buɗe ƙofa, kuma ba a jingina da shi da ƙarfi. Duk ranar da aka so, gudumar katako kaɗai ta isa ta raba shi."

"Sa gam, Baba," in ji Sha'aibu. "Wace irin tambaya ce wannan? A yi shi da ƙarfi yadda mai shi ya yi."

Malami bai motsa ba. Tsinken na hannunsa, farin gam na taruwa a bakinsa zai ɗiga.

"Kada a sa," Barakatu ta ce.

Sha'aibu ya juyo gaba ɗaya. Garin katako ya yi masa ja a gira, tafin hannunsa ya yi bororo saboda zarto.

"Baraka, me kike nufi? Wani ya ce miki za ki tashi? Ni na ce? Naja'atu ce ta ce? Nan gidanki ne. Muddin ina da rai, nan gidanki ne."

"Na sani, Yaya," ta ce. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. "Can ma gidana ne."

Naja'atu ta ja labule ta koma madafa.

Malami ya goge tsinken a bakin robar, ya mayar da murfin ya murɗa. Ya ɗauki sanda busasshiya ya sa a rami, ya ƙwanƙwasa ta da gudumar katako, ya ɗauki ta gaba. Sha'aibu ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa ya kama masa falankin. Gefe ya hau, tsakiya ta hau, sama ya zauna a kansu da robarsa. Aka ɗaura ƙofofi, aka tura durowoyi. Ta tsakiya ta ɗan cije, Malami ya goge gefenta har ta shige.

Ana kiran magariba suka fita alwala. Barakatu ta jawo buhun tufafi, ta kwance bakinsa. Ta buɗe ƙofar sif ɗin, ya ɗan yi motsi ya tsaya. Ta fara jera zannuwa a ciki. Da buhun ya ƙare ba ta jefar da shi ba, ta ninke shi da igiyarsa, ta tura a durowar ƙasa.